Gyaran Baba

Da safen ranar gwaji Auta ta buɗe akwatin gogenta, sai ta sandare kamar an dasa ta. Gogen Turawan nan da malamarta ta ara mata, tsoho tukuf mai duhun launi, wanda ya girmi kakan kakanta, yau shi ne yake walƙiya jawur kamar sabuwar ƙofar kabad. Warin fenti ya cika ɗakin.

Babanta kafinta ne, irin wanda ba ya iya wuce kujera mai gurguwar ƙafa bai duƙa ya duba ba. Ga shi tsaye bakin ƙofa, hannu a baya, baki har kunne. Tun ba ta tambaya ba ya shiga bayani. Wai da zazzaɓi ya kwantar da ita kwanakin nan, ya leƙa abin ya ga duk ya koɗe, ya ce 'yarsa ba za ta tsaya gaban manyan makaɗa da tarkace ba. Ya kai shi shago, ya bi shi da samfefa har farin katako ya fito, ya shafe shi da fenti mai ƙyalli, shafi kan shafi. Har wani ɗan itace da ya hango tsaye a cikinsa ya zaro, don a ganinsa maƙerin ne ya manta da shi.

Tun tana ƙarama Auta take gurzar tsirkiya har yatsunta suka yi kanta, duk don kujera ɗaya tak da ta buɗe a babbar ƙungiyar makaɗa, kuma yau ake gwada masu nema. Ta san wannan ɗan itacen shi ke riƙe da muryar goge, ta kuma san tsohon fentin da aka kankare babu mai iya mayar da shi.

Ta ɗora shi a kafaɗa, ta ja bakan kiɗan a kan tsirkiya. Abin da ya fito sai ka ce mai mura ne yake magana cikin bokiti.

Baba bai san komai a kiɗa ba, amma kunne gare shi. Murmushin ya ɗauke.

"Auta, ai ba haka yake yi ba."

"Ba haka ba ne, Baba."

"To in kankare in sake? Yanzu-yanzu zan..."

Ta so ta yi ihu, tausayinsa ya hana ta, don ba ta taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai yau.

Ana haka suka ji muryar malamar daga falo. Tsohuwar ta zo da kanta don ta raka ɗalibarta, har tana yi wa Inna barkwanci.

"Auta, miƙo min tsohon gogen nawa in saita miki shi. Mijina ya ce kada hannun kowa ya taɓa shi sai nawa, Allah ya jiƙansa, ke kaɗai na yi wa alfarma."

Auta ta mayar da gogen cikin akwatin, ta kai hannu za ta ɗauka, Baba ya riga ta. Ya rufe akwatin, ya rungume shi, ya nufi falo don ya amsa laifinsa da bakinsa.