Takalmin Hagu na Kawu Vukadin

"Ɗauke hannunka daga ƙafata, lauya," in ji Kawu Vukadin. "Ban mutu ba tukuna."

Na ja da baya cikin kunya. Ni ba lauya ba ne; kwanan nan na karɓi takardar kammala karatun shari'a, kuma saboda ita ce 'yarsa Slavka, maƙwabciyarmu, ta nemi taimakona. Wani babban kamfani ya maka shagonta na sabunta tayoyi a kotu, yana cewa zanen da take bugawa a jikin taya sabo ne, nasa ne, ya yi masa rajista. Muddin ba mu nuna cewa zanen ya girmi rajistar ba, za a rufe shagon.

Kawu Vukadin ne ya sassaƙa zanen tun yana saurayi, a tsohuwar masana'antar taya ta garinmu wadda ta rushe da kayanta. Abin da ya rage shi ne takalman robar da ya yanko daga tayar farko. A cikin na hagu, shekarar da aka ƙera tayar tana nan a buge. Ko a kan gadon jinya ya ƙi cire su, ya kuma bar wasiyya a binne shi da su.

"Baba, don Allah," in ji Slavka.

"Marigayiya uwarki da takun takalman nan ta san ni. In na je mata da takalman zuwa coci, ba za ta buɗe ƙofa ba."

Na bayyana masa cewa kotu ba za ta gamsu da hoto ba, sai an kai mata takalmin kansa.

"Ɗaya ya isa?"

"Na hagu ya isa, Kawu."



"To, in je mata ina ɗingishi. Za ta ce na biya mashaya a hanya. Ba yau ta fara ba." Ya ja bargo. "Amma sai na tafi za ka cire. Ƙafata na jin sanyi."

Ya rasu da hantsi ranar Laraba, ana yayyafi. Ni na cire takalmin a hankali, Slavka ta sa masa safar ulu da ta saƙa.

Da na fito tsakar gida, na ajiye takalmin a ƙasa don in buɗe jakata. Da na ɗaga shi, zanen ya fito sarai a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sawu ɗaya, yana fuskantar ƙofa.