Igiyar Auta

Igiyar ba ta fi kamu biyu ba. Auta yana riƙe da baki ɗaya, ni ina riƙe da ɗayan, kuma duk abin da ke gaban ƙafarsa sai na faɗa masa kafin ya isa: rami, kwana, tudu. Ƙanena ne, shekara tara ke nan da idonsa ya rufe. Lokacin da ya fara cewa yana ganin dishi-dishi, ni na ce ya bari mu gama kujerun makarantar da ke hannunmu, sannan ya je asibiti. Wata huɗu aikin ya ɗauke mu. Bai taɓa tayar da maganar ba.

Da ya ce yana son shiga tseren kilomita ashirin da ɗaya, ban bari ya rufe baki ba na ce ni ne ɗan jagora. Dokar tseren ita ce a miƙa sunan ɗan jagora kafin ranar rufe rajista, ba a sakewa, kuma idan ɗan jagora ya tsaya a hanya, an cire mai gudun.

A mako na shida da fara atisaye gwiwata ta hagu ta fara ciwo. Likitan ƙashi ya matsa gefenta, ya ce in bar gudu in koma keke. Na koma keke, ban bar gudu ba. Kwana huɗu a mako nakan zagaya filin wasa a kan keke, na ce wa Auta sabon tsari ne na ƙara numfashi, ranakun sai ’yata ta fita da shi. A shago nakan ɗaura ƙanƙara ƙarƙashin wando, ruwa yana gangarowa cikin takalmi ina goge katako. Zama ya gagare ni, tsayuwa ma haka. Takardar kuwa tana aljihuna da sunana a kai, kullum in ce gobe zan miƙa.

Saura kwana uku a rufe, muka fita dogon gudu. Wajen kilomita goma sha huɗu, kusa da tashar bas, hankalina ya koma kan gwiwa, ina ƙirga taku tsakanin suka da suka. Ban ga bakin kwalbatin ba. Auta ya tafi ƙasa gaba ɗaya, tafin hannunsa ya sha kwalta.

Ya zauna a ƙasa yana lalubar hularsa.

“Yaya, mako uku ke nan ƙafarka ta hagu tana sauka kamar mai ajiye ƙwai.”

“Takalmin ne.”

“To takalmin nan yana nishi.” Ya yi dariya, sannan ya daina. “Na yi shiru ne in ga ranar da za ka faɗa.”

“Zan iya kai ka, Auta.”

“Za ka kai ni sha biyar, mu zauna a gefen titi muna tafa wa mutane. Ni so nake in gama. Kai me kake so?”

Na ɗaure masa hannu da hankicina. Na san abin da nake so: a gan ni kusa da shi a wurin ƙarewa, ko zan ji sauƙin nauyin wata huɗun nan. Da gudunsa na so in sayi wannan sauƙin.

Washegari na soke sunana, na rubuta na ’yata, na kai takardar da kaina.

Yanzu ina binsu a baya a kan keke, da goran ruwa biyu a kwando. ’Yata tana da sauri, amma takan makara wajen faɗin kwana, kuma tana jan igiyar fiye da kima. Jiya na hango rami tun daga nesa, na ɗaga murya na faɗa.

“Baba, idan muka yi magana mu biyu, wa zai saurara?”

“Rabu da shi,” in ji Auta. “An yi masa ritaya bai sani ba.”

Na ja birki, na bar tazara tsakaninmu. Akwai wani ramin bayan gidan mai, na san shi sarai. Na damƙe ƙahon keken, ina jiran in ji ko za ta gani.