Rigar Buhu, Rigar Jidda

Salihu ya karkata jarka ya zuba ruwa a hankali a gadon bayan Guguwa. Ruwan ya bi buhun algarara ya jiƙa shi sharkaf, abin da ya ɗiga kuwa baƙar ƙasar Gadarif ta Sudan ta shanye kafin ya ɗago kai. Karyar ta sassauta haki, ta lumshe ido. Shi ya yanka mata rigar buhun da hannunsa, ya sa igiya a ƙirji da ciki, kamar dai yadda suke naɗe jarkar ruwan sha in za su gona: a jiƙa, iska ta buga, sanyi ya ratsa. Masu wucewa suna ta dariya, har wani ya tambaye shi da Larabci ko gawayi ya kawo talla. 

Ranar nunin karnukan farauta ce, a wani fili bayan gari, ga bazara ta kai intaha. Ba tsere ake yi ba, tsayuwa ake dubawa da tafiya da kyan ƙira, kuma karen da zafi ya dafa ba ya iya ɗaga kai, balle ya yi taƙama. Shi ya sa Salihu ya ƙudura ba zai cire mata rigar ba sai an kira su.

Tun tana 'yar kwikwiya wani makiyayi ya ba shi ita a Hawata, bakin kogin Rahad, lokacin da suka je yankan riɗi. Da madara da guntun tuwon asida ya raine ta. Mahaifiyarsu Hajjo ta hana ta shiga tsakar gida saboda wurin salla, amma ita ce kullum ke ajiye mata ƙashi. Yayansa Siddiq ne kaɗai bai taɓa kallonta da idon arziki ba. Cewa yake namijin da ke hira da kare ya rasa abin yi. Amma yau Siddiq ɗin ne ya tsayar musu da raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, shi ya ɗauko jarka ta biyu a kafaɗa. Abin ya yi wa Salihu daɗi har ya kasa ɓoyewa, ya yi ta "sannu Yaya" a hanya.

Da aka kira su ya kwance igiyar, ya zame buhun. Guguwa ta girgiza jiki ta shiga fili kamar yanzu ta fito daga inuwa, siririya, doguwar ƙafa, ciki a ɗame. Sauran karnukan ana jan su suna turjewa, ita kuwa kanta a sama. Alƙalai suka zagaya ta, suka duba haƙora, suka sa ya yi ɗan gudu da ita. Ba a ja magana ba, ita aka ba ta ɗaya.

Yana durƙushe yana mayar mata da rigar sai ya ga mutane suna darewa. Hajj Omer ne, mai mashru'in da danginsu gaba ɗaya suke wa aiki, wato ƙatuwar gonar dawa da riɗi da ke hanyar Basunda. Farar jallabiya, farin rawani, sanda a hannu. Siddiq na biye da shi a gefe. Hajj ya tsaya ya daɗe yana kallon karyar, ya ce masha Allahu, ya ce tunda yake bai taɓa ganin irinta ba, ya sake maimaitawa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Kowa a garin nan ya san yadda ake yi. In babba ya yaba abinka, sai ka ce nasa ne, shi kuma ya ce Allah ya bar maka, a yi dariya a rabu. Duk da haka Salihu ya ƙara riƙe igiyar karyar. Siddiq ya taka masa ƙafa, ya ce cikin Hausa ƙasa-ƙasa, "Ba ka ji Hajj ba ne? Kada ka kunyata mu."

"Taka ce, ya Hajj," in ji Salihu.

Ya jira amsar da aka saba. Hajj Omer ya dafa kansa ya ce, "Na karɓa, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Sannan ya juya ya gaya wa jama'a cewa ga ɗan halak, ga yaron da ya san kare ba a sayar da shi, kuɗinsa haramun ne, kyauta ake yi. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wani ma ya kama hannun Salihu ya girgiza.

Direban Hajj ya karɓi igiyar daga hannunsa. Ya ja Guguwa bayan boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya yaye buhun ya jefar, ya ciro wata shuɗiyar riga daga leda. Irin ta kanti ce, mai laushi, da ake tsomawa a ruwa ta daɗe tana riƙe sanyi. Ya tsoma ta, ya matse, ya sa mata. Ta zauna cif, wuya da ƙirji da ƙugu, kamar a jikinta aka ɗinka.

Salihu ya bi su kamar wanda ake ja. Direban, mutum mai son hira, ya ce masa ai yayansa gwanin awo ne, dubi yadda ta yi daidai. Ya ce tun kafin azumi Siddiq ya kawo awon a igiya mai ƙulli-ƙulli, Hajj ya aika wa ɗansa a Jidda ya sayo. Ya kuma taya su murna, tunda daga daminar bana Siddiq ne wakilin mashru'i, shi zai riƙa ɗaukar ma'aikata da sallamarsu.

Salihu ya sami Siddiq a inuwar motar yana shan ruwa daga jarkar da ya ɗauko. Ya tsaya a gabansa ya tambaye shi yaushe ya auna ta.

Siddiq ya goge baki. Bai yi musu ba. Ya ce ran da Salihu ya kai Hajjo asibiti. Ya ce ya kamata ya yi tunani irin na manya: su wa suke da shi a ƙasar nan in ba wanda ya ba su aiki ba? Wakilci ya shigo gidansu, ba wanda zai ƙara korar ɗan'uwansu a tsakiyar kaka, duk a kan dabba guda.

"Da ka tambaye ni, Yaya."

"Da ka ba ni?"

Salihu ya juya ya dubi Guguwa.

"To ka gani," in ji Siddiq. "Kuma ni ban ba da karyar kowa ba, ya zol, bawan Allah. Kai ka ce tasa ce, da bakinka, gaban mutane."

Daga nan ya sassauta murya, kamar mai ba da albishir. Ya ce bai manta da ƙanensa ba. Hajj na son mai kula da ita, wanda zai ciyar da ita, ya zagaya da ita, ya riƙa jiƙa mata riga har a samu ruwan sama, ya kuma kai ta nuni duk inda Hajj ya ga dama. Akwai ɗaki a bayan gidan. Shi da kansa ya ba da sunan Salihu, kuma wannan ne aikin farko da ya raba a matsayinsa na wakili.

Direban ya tayar da mota. An ɗaure Guguwa a ƙarfen baya, tana ta jan igiya tana ƙananan kuka, ƙafafunta na zamewa a kan ƙarfen da rana ta gasa, tana ɗaga wannan tana ajiye wancan. Salihu ya san ba za ta ci daga hannun kowa ba. Ya san kuma in ya hau motar nan, gobe in aka tambaye shi karyar wa ce, sunan wani zai faɗa.

Ya karɓi jarkar daga hannun Siddiq, ya kwarara sauran ruwan a kan ƙarfen har ya huce, ya taka taya ya haye. Guguwa ta cusa kanta a hammatarsa.

Siddiq ya matso yana murmushi, ya miƙo hannu ta gefen motar, ya ce tamam, shi ke nan, zai gaya wa Hajjo ba za ta gan shi ba yau, ko akwai wani saƙo?

Salihu ya dubi hannun, ya riƙe igiyar da hannu biyu.

"Babu, ranka ya daɗe wakili," ya ce.