Ranar da Kunnen Maje Ya Buɗe

Maje tela ne a Fagge, yana yi wa 'yan Kantin Kwari ɗinki, amma abin da aka fi saninsa da shi garmaho ne. A shekarun nan na hamsin ba kowane gida ke da shi a unguwar ba. Da zarar kaya sun sauka a shagon Ifeanyi, mai sayar da faya-fayai a Sabon Gari, sai Maje ya lulluɓe keken ɗinki, ya hau na hawa, ya bi ta mahaɗar Bata zuwa shagon. Waƙar Indiya, ta Masar, kiɗan Kwango, goge da kalangun gida, ba ya barin ko ɗaya. Alfaharinsa shi ne a ce babu faifan da ya shigo Kano bai ji shi ba.

Sai dai jin nasa na gaggawa ne. Zai wana garmaho, ya ɗora allura, mawaƙi na cikin ɗaukar murya sai ya ɗage ya sa wani.

"Malam, don Allah ka bari ta ƙare mana," in ji matarsa Huseina daga bakin murhu.

"Ai na ji yadda take. Ga wasu can suna jira."

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Abokin ɗinkinsa Sammani ya kawo masa ƙwayoyin kwinin, shi kuwa don ya warke da wuri ya riƙa shan fiye da yadda aka ce. Zazzaɓin ya sauka, amma wata safiya ya tashi kunnuwansa na ƙugi kamar ƙudan zuma sun tare a ciki. Huseina na magana, motsin bakinta kawai yake gani. Ya wana garmaho, ya kara kunne a jikin akwatin, bai ji komai ba sai wani gunji can nesa.

Hankalinsa ya tashi. Ya koma kan tabarma yana kallon tulin faya-fayan da ya jera a jikin bango. Don ya rage kewa sai ya ce bari ya rera waƙa ɗaya a zuci. Ta fara lafiya lau, sai ta yanke daidai inda ya saba ɗage allura. Ya kama wata, ita ma ta yanke, ta cakuɗe da wata dabam. Duk tulin nan, babu waƙa ɗaya da ya san ƙarshenta. Ya juya fuska bango don kada Huseina ta ga idonsa.

Sammani ne ya goya shi a keke zuwa wani ɗakin shan magani a Sabon Gari. Nas ɗin, wata mai suna Monica, ta leƙa kunnuwan, ta tambayi Sammani abin da ya sha. Da ta ji, ta girgiza kai, ta sunkuyo daidai kunnen Maje ta ɗaga murya.

"Maganin ne ya yi yawa! Ka daina sha, zai dawo!"

"Zai dawo" kaɗai ya tsinta, ita ya riƙe ya koma gida.

Kwanaki suka yi ta wucewa, ƙugin na raguwa kaɗan-kaɗan. Wani hantsi yana zaune a inuwa sai ya ji wani abu na bugawa, tim, tim. Ya waiga, Huseina ce ke daka.

"Huseina!"

"Na'am?"

"Sake faɗa."

Ta saki taɓarya. "Na'am, Malam. Ka ji ni?"

"Na ji ki. Wallahi har kazar can na ji."

"Alhamdu lillahi!" Ta zauna a ƙasa tana dariya, tana share hawaye da bakin zane.

Maje ya fito da garmaho tsakar gida. Ya zaro wani tsohon faifan goge daga ƙasan tulin, ya goge shi da hannun riga, ya ɗora, ya harɗe hannuwa. Can wajen ƙarshe gogen ya yi shiru, wata dattijuwa ta karɓi waƙar ita kaɗai, mawaƙin ya yi 'yar dariya kafin kiɗa ya dawo.

"Ashe da mace a ciki?" in ji Maje.

"Ni ma yau na fara jin ta."

Suka sake sa shi, suka kuma.

Bayan la'asar Ifeanyi ya yi sallama a zaure, da ƙunshi a hammata.

"Sannu da jiki, Malam Maje. Sababbi ne daga Ikko, kai na fara kawo wa."

Maje ya shimfiɗa masa tabarma, ya duba ƙunshin, ya zaɓi ɗaya. "Wannan ya ishe ni tukuna. Sauran ka kai wa wasu."

Ifeanyi ya dube shi da kyau. "Anya ka warke kuwa?"

"Zauna dai mu ji tare."

Aka ɗauko garmaho. Ashe waƙar da harshen su Ifeanyi aka yi ta. Tun Ifeanyi yana tsugune a bakin tabarma har ya cire takalmi ya miƙe ƙafa.

"Me yake cewa?" Maje ya tambaya.

"Mai kwalekwale ne, yana roƙon kogi ya kwanta don ya ƙetara ya ga uwarsa." Ya matso kusa da garmahon. "Haka ake yi a garinmu in ruwa ya cika. Sake sa shi, akwai wurin da ban ji da kyau ba."