Allura a Cikin Kitso

Masu walda sun kashe injinansu, 'yan moto masu haya da babur suka koma bi ta bayan layi. Madam Pascaline, ma'aikaciyar da ta zo da na'urar auna ƙwaƙwalwa, ita ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana roƙo. Ta ce maganaɗisun da ƙwaƙwalwa ke fitarwa rauni gare shi ƙwarai, ƙarfen da ya motsa a titi ma yana iya binne shi.

Hamidu mahauci yana zaune a bakin lopital, wato asibiti, riƙe da hannun 'yarsa Khaula. Farfaɗiya ta raba ta da lakwal, makarantar boko, ta raba ta da ƙawaye. Likitocin baƙi ne, gobe za su bar garin Garwa. In na'urar ta nuna inda ciwon ke tashi, za a iya yi mata aiki.

"Baba, babu ƙarfe a jikinta?" in ji Pascaline. "'Yan kunne, makulli, ko tsinke?"

Hamidu ya dubi kan yarinyar. Jiya mahaifiyarsa, Inna Safiyatu, ta tura allura cikin kitson ƙeya, wai iskoki ba sa kusantar ƙarfe. Ta ce in ya bari aka cire, ba ta yafe masa nononta ba. Allura ɗaya, ya raya a ransa, ai ba ta kai moto ba.

"Babu, Madam."

* * *

An sa wa Khaula hular mai wayoyi, aka rufe ƙofa. Layin nan bai taɓa yin shiru haka ba.

Da Pascaline ta fito, sai ta juyo masa da allon kwamfuta. Zane ne ke hawa da sauka kamar haƙoran zarto.

"Duk numfashin da ta ja, sai wani abu ya rufe mana komai. Na'urar ta nuna nan, ta koma ta nuna can. Likita ba zai sa wuƙa a kan yarinya da wannan ba." Ta leƙa titi. "Na rasa daga ina yake shigowa. Ka tabbata, Baba?"

Hamidu ya dubi allon. Masu jiran layi duk shi suke kallo.

"Na tabbata."

Ta kira mai bi masa.

* * *

A gida Inna Safiyatu ta saurari labarin tana gyaɗa kai.

"Me na faɗa maka, Hamidu? Injin Nasara ma ya duba bai ga komai ba. Wannan ba ciwon lopital ba ne."

Hamidu ya wanke hannu. Matarsa ta kawo tuwo, yara suka kewaye kwano ɗaya. Na Khaula aka zuba a ɗan kwanonta na daban, aka tura mata bakin zaure don kada yawunta ya taɓa na kowa.

"Baba, sun ga wurin?" in ji Khaula.

"Ci abincinki, uwata."

Ta sa hannu a tuwon, tana ci ita kaɗai.