Turmi a Kife

Ruwan yana fita daga bututun tanka da gurnani, shuɗi-shuɗi kamar an dama baba a cikinsa, yana gangarawa cikin kwarin da rani ya busar. Ɗayyabu ya toshe hanci da haɓar rigarsa, ya kau da kai. Tun farkon rani aikinsa ke nan: ya ɗebo dagwalon ruwan jima daga kamfanin fatun da yake yi wa tuƙi a Challawa, ya yi ta tafiya a kan burji har gidaje su ƙare, ya juye shi a nan.

Ranar da aka fara aiko shi, da ya koma sai da ya sami Oga Uba, shugaban direbobi.

"Ranka ya daɗe, wurin nan fa akwai bukkoki."

"Bukka ka gani ko mutum?" in ji Uba, yana dariya. "Kai dai ƙauyanci ba ya barinka. Daji ne, malam. In kuma tausayin kara da ciyawa kake ji, ajiye makulli, ga masu neman aiki can jibge a bakin get."

Daga ranar direbobi suka laƙaba masa Sarkin Daji. Bai sake tayar da maganar ba. Matarsa Sauda tana da tsohon ciki, kuma shi ya san irin daɗewar da ya yi a bakin get ɗin nan kafin a kira shi ciki.

* * *

A ɗakinsu na haya a Na'ibawa, mahaifiyarsa, wadda ta zo daga Jigawa don ta taya Sauda jiran haihuwa, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ya shigo da sallama, ta amsa tana yamutsa fuska.

"Wai ɗan nan, wannan warin da kake shigo mana da shi, ina kuke kai uwarsa?"

"Daji muke kaiwa, Inna."

"Wane dajin? Ku mutanen birni, da kwalta ta ƙare sai ku ce daji."

Sauda ta ajiye masa kwanon tuwo tana murmushi. "Inna, har shi ya zama mutumin birni?"

"Ya zama mana. Ba ki ga da cokali yake cin tuwo ba?"

Suka yi dariya, har da shi. Inna ta hure ɓawon gyaɗa daga tafin hannunta, muryarta ta yi laushi irin ta mai kiran sunayen 'yan'uwan da ta daɗe ba ta gani ba.

"Kowane wuri da sunansa, 'yar nan. Dokar daji ita ce inda gatari bai taɓa shiga ba, ba ta da mai ita sai Allah. Saura gona ce da aka bari ta huta, tana da mai ita ko ba ki gan shi ba. Ruga ta Fulani ce, kashin shanu ma zai gaya miki. Kufai kuwa gari ne da ya mutu, Allah ya raba mu da ganin namu haka. Sai tunga. Ita tunga ba mutuwa take yi ba, barci take yi. Manoma su zauna da damina, in an kai amfani gida su watse ci-rani, ruwan farko ya dawo da su."

"To yaya mutum zai bambance kufai da tunga, tunda duk ba kowa?"

"Turmi," in ji Inna. "Mai ƙaura ba ya barin turminsa. Mai dawowa kuwa kife shi yake yi a kan duwatsu saboda gara. Tambayi mijinki, ai a tunga na haife shi, ana tsakiyar noman fari."

Ɗayyabu ya ajiye cokalin a hankali. Akwai wata tsamiya a gefen kwarin nan, a gindinta kuma akwai turmi a kife a kan duwatsu. Ya gan shi tun ranar farko. Shi ya sa kullum yake juya motar yadda jikinta zai kare masa bishiyar.

"Ba ka ci ba," in ji Sauda.

"Warin ne," ya ce.

* * *

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya bi bayansa. Burjin ya yi laushi, ƙasa tana ta ƙamshin nan da yake sa zuciyar ɗan ƙauye ta yi gida ko yana ina. Ɗayyabu yana tuƙi yana roƙon Allah ya sa Inna ta yi kuskure.

Hayaƙi ya fara hangowa. Sannan sabon jinka a kan bukkoki, da akuya a ɗaure. A gindin tsamiya turmin yana tsaye, wata mata tana daka a cikinsa, goyonta yana rausaya da kowane bugun taɓarya. Kwarin ya cika ya zama tafki.

Ya kashe motar. Wani dattijo ya taso daga gona da fartanya a kafaɗa.

"Maraba da baƙo. Ɓatan hanya ka yi? Mu nan mota ba ta san mu ba." Ya juya wajen mai dakan. "Khadija, kawo wa baƙo ruwa."

"Baba, kun daɗe da dawowa?"

"Da ruwan farko, kamar kullum. Bana ma tafkin ya cika da wuri, alhamdu lillahi. Sai dai ɗanɗanonsa ya sauya, yara kuma suna ta susa. Muka ce ko sabon ruwa ne, zai kwanta."

Wayar Ɗayyabu ta soma ruri a aljihu. Ko bai duba ba ya san Uba ne, yana son jin ko an juye. Matar ta durƙusa ta miƙa masa ƙwarya, ya karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. A gefen ƙwaryar, inda ruwan ya taɓa, wani siririn zobe ne shuɗi. Warin kuwa nasa ne, wanda yake kaiwa gida a rigarsa.

"Sha mana," in ji dattijon. "Ruwanmu na ƙauye ne, amma ba a ƙin ruwan maraba."

Ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya ji shi yana sauka da ɗaci har ƙirjinsa.

"Af, na manta ban tambaye ka ba," dattijon ya ce, yana nuna motar da fartanya. "Me ka ɗauko? Yara sun ce wai ruwan sha aka aiko mana daga birni."

Ɗayyabu ya waiwaya. A bayan tankar, daidai bakin bututun, yaran tungar sun riga sun jera bokitai da tuluna, kowa yana tsaye kusa da nasa, suna jira ya buɗe.