Hannun Rigar Sitt Fardos

Rakiya kawai Nashwa ta yi wa ƙanwarta Gadir, wadda za a auna wa rigar baiko. Shagon Tanti Awatif ɗan ƙuƙut ne a ƙuryar kasuwar mata ta Iskandariyya a Masar, bangonsa cike da takardun yankan kaya a jikin ƙusa. Da tsofaffin jaridu Tanti ke fitar da su tun tana budurwa, kowace da sunan mai ita.

Tanti ta sauko da wata da ta koma ruwan shayi don tsufa, ta shimfiɗa a tebur. Hannun riga ne, faffaɗa. Nashwa ta leƙa abin da ke buge a jikin takardar. Tallan daren buɗe wani tsohon fim ne: mace da laima, jirgin ruwa a bayanta. Can gefe, dab da bakin takardar, ga sunan wanda ya zana: Abdulbadi'u.

Kakanta ne. Shi ke zana wa gidajen silima talla a da. Nashwa ta cika akwati biyu da irin waɗannan jaridun, amma ba ta taɓa dacewa da mai sunansa ba.

"Na marigayiya Sitt Fardos ne," in ji Tanti, tana jawo almakashi. "Allah ya jiƙanta, mace ce har da rabi. Sai na rage shi sosai kafin ya yi wa wannan tsinken."

"Tanti, ni ce tsinke?" Gadir ta turo baki.

Almakashi ya nufi gefen da sunan yake. Nashwa, wadda don kunya ko direban taragon hayar unguwarsu ba ta iya ce wa ya tsaya, ta dafe takardar da tafin hannu.

"Tanti... ki ba ni ita. Sunan kakana ne a jiki."

"Ko na sarki ne, 'yata. Takarda ba ta fita shagon nan sai a hannun wadda aka ɗinka wa riga da ita. Haka na taso."

Nashwa ta ƙara dafe takardar. "To a ɗinka mini. Yadda take, kar a rage ko zare."

Tanti ta sauke tabarau, ta dube ta sama da ƙasa. "Ke? Ai ke da ƙanwarki da angon duk kwa shige ciki, har a bar wa uwar miji wuri!"

Gadir ta riƙe ciki don dariya. "Na yarda, Yaya, amma ita za ki sa ranar baikona."

"Zan sa," in ji Nashwa.

Tanti ta ajiye almakashi, ta laso bakin fensir, ta rubuta Nashwa a ƙarƙashin Fardos.

"To zaɓi yadi. Ki zaɓi mai araha, don kusan bandir guda za mu ci."